Ranar Da Bas Ba Ta Zo Ba

Faɗuwar wani ƙaton baƙo ce ta haɗa su.

Shi direba ne, yana jan farar bas ta wata ƙaramar ƙungiya. Aikin ƙungiyar ba shi da wuyar ganewa. Baƙi kan zo daga ƙasashen nesa yawon buɗe ido, su biya kuɗin zagaye, a kai su unguwannin bayan gari su ga mata masu ƙananan sana'o'i. Kuɗin da suka biya shi ake ba matan da aka ziyarta a ranar a matsayin rance, babu ruwa a kai. Mata uku-uku suke haɗa kai, kowace ta tsaya wa 'yar uwarta. In bas ta tsaya a ƙofarku, rancen naku ne. In ba ta zo ba, sai ku jira layi ya sake zagayowa.

Abokansa na tasha Sannu-sannu suke ce masa, don ko akuya ya hango a bakin titi sai ya rage gudu ya ba ta haƙuri. In an kai baƙi wuri shi ba ya sauka, kujera yake kwantarwa ya rufe fuska da hula.

Ran nan ma haka ya yi, a ƙofar wata rumfar kwano da ke ƙarshen lungu, inda wata budurwa ke saƙa kujerun ƙarfe da igiyar roba. Bai daɗe da lumshe ido ba ya ji ihu. Ashe wani baƙo ne, mai jiki masha Allah, ya zauna a kan kujerar da aka fara saƙawa ba a gama ba. Ya zurma, ƙafafu a sama, kyamara a ƙirji.

Direba ya diro da gudu ya kama hannun mutumin, ita kuma ta riƙe kujerar. Da ya ɗago ido sai ya ga ta cije gefen mayafinta, dariya tana neman kashe ta.

"Malam direba, ja a hankali, kada ka lanƙwasa min ƙarfe."

"Ƙarfen kike ji, ba mutumin ba?"

"Mutumin zai koma ƙasarsu. Ƙarfen nan Babana ne ya yi waldarsa."

Aka zaro baƙo lafiya, shi ma yana ta ƙyaƙyata dariya. Amma direba bai koma barcinsa ba. Ya tsaya jikin bas yana kallon yatsunta, yadda take jan igiya ja, ta bi da fara, ta ɗaure, ko kallon hannun ba ta yi.

Tun daga ranar zama ya gagare shi. In ya zauna sai ya miƙe, in ya miƙe sai ya rasa abin da ya tashe shi. Ya ɗauki tsohuwar kujerar Innarsa ya kai gyara. Ya kai ta maƙwabci. Da kujeru suka ƙare masa, sai ya sa wuƙa ya yanke igiyar ta Yayarsa, wadda ko shekara ba ta yi ba.

Ta juya kujerar, ta shafa wurin.

"Wannan ba tsufa ba ne, yankan wuƙa ne."

"Ɓera ne."

"Ɓeran gidanku da wuƙa yake yawo? Malam Sannu-sannu, in magana ce da kai ka faɗa, ka daina yi wa kujerun mutane ta'adi."

Ya sosa ƙeya, ya dubi ƙasa, ya dubi kwanon rumfa. A ƙarshe lambar waya kawai ya iya roƙa. Ta ba shi.

Abin da bakinsa ya kasa, sai yatsa ya riƙa yi. Tsakanin wannan unguwa da waccan, in baƙi sun sauka, sai ya rubuta:

"'Yar Baba, na kai su wurin masu sabulu. Ƙamshi ya cika wurin amma ni rumfarki nake tunani. Kin ci abinci?"

Ita kuma ta amsa:

"Na ci. Kai dai ka kalli hanya, kada ka zubar da baƙin mutane a kwata saboda ni. Ina kewarka kaɗan. Kaɗan fa na ce."

Wannan kaɗan ɗin ya fi masa albashin wata daɗi.

Matsalar tana cikin gida. Babanta tsohon mai walda ne, hasken walda ya ci masa ido har ya koma gani dishi-dishi. Bai taɓa son zuwan baƙin nan ba. Ya dai yi shiru ne saboda rancen farko ya fitar da 'yarsa daga sayen igiya ƙulli-ƙulli a bashi. Amma duk ranar da ya ji ƙarar bas sai ya shige ɗaki ya turo ƙofa.

Da direba ya je gaishe shi, ya durƙusa a bakin tabarma, tsohon ya bar shi a durƙushe.

"Kai ne mai farar motar?"

"Ni ne, Baba."

"Kai ne kake kwaso min mutane su zo su ɗauki hoton tsagewar bangona, su je su nuna wa 'yan uwansu?"

"Baba, taimako suke..."

"Na san taimako. Na ci, na gode. Amma mutumin da abincinsa shi ne kawo 'yan kallo ƙofar talaka, ba shi zan ba 'yata ba. Tashi, Allah ya yi maka albarka."

Ya tashi ya fito. A zaure ya ci karo da Goggonta, ƙanwar Baba, wadda ta bi shi da kallo daga hula har silifa, ta taɓe baki.

Goggo tana da nata ɗan takarar. Tafintan ƙungiya ne, wanda ke juya wa baƙi magana. Saurayi ne mai tabarau da turare, takalminsa kullum kamar yanzu aka ciro daga kwali. In ana zagaye shi ke tsayawa dab da mai sana'a, ya faɗi magana da yaren baƙi su yi dariya, ya juyo ya faɗi wata ita ma ta yi murmushi. Direba daga cikin bas yake hango bakuna suna motsi, ba ya jin komai. Sau da yawa ya ɗauko waya zai tambaye ta, sai ya ji nauyi ya mayar aljihu.

Ana haka ita da abokan haɗinta, Mai Kaji da Mai Kitso, suka gama biyan rancen farko tsaf, layinsu ya sake zagayowa. Wannan karon rancen ya fi girma, kuma ayarin baƙin da za su zo shi ne na ƙarshe a zangon, daga su sai bayan watanni. Mai Kaji ta riga ta yi wa mai ƙyanƙyasa alkawarin 'yan tsaki. Mai Kitso ta ga injin busar da gashi ta ce a ajiye mata. Ita kuwa wata makaranta ce ta ba ta aikin kujeru masu yawa, a kai kafin a dawo daga hutu, igiya kawai take jira.

"Nawa, gobe ne fa," ta rubuta masa. "Ka wanke bas da kyau. Ka zo da su da wuri kafin rana ta yi zafi a rumfa."

Da safe Tafinta ya shigo bas cikin sabon ɗinki, riƙe da wani ƙunshi a leda mai ƙyalli. Ya zauna a gaba ya gyara tabarau.

"Direba, yau in an gama sai ka ɗan jira ni. Zan shiga in gaida Baba. Goggo ta share min hanya, ta ce tsohon ya sauko."

Direba ya tada mota.

A ƙungiyar akwai ƙa'ida guda: maganar hanya ta direba ce. In ya ce mota ba za ta shiga ba, babu mai musu, don ran baƙi a hannunsa yake. Ga shi kuwa an sha ruwan sama a satin, kuma kowa ya san akwai wani rami a kwanar lungun.

Da suka iso mararraba ya taka birki. Ya sauka, ya taka zuwa bayan wani shago inda ba a hango shi. Ko kwanar bai ƙarasa ba. Ya tsaya yana hango ledar nan mai ƙyalli a gaban Baba a cikin ransa. Sannan ya dawo.

"Hanya ta yanke," ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba.

Tafinta ya kira Anti Manaja, shugabar ƙungiyar. Ta ce to babu yadda za a yi, a wuce wurin na gaba a layi. Bas ta juya.

Waya ta yi ta motsi a aljihunsa. Bai duba ba sai da ya sauke baƙi a masauki.

"Mun share, mun jera kujeru. Kuna ina?"

"Nawa, lafiya? Ko mota ce ta lalace?"

Na ƙarshen ya fi tsawo:

"Anti ta ce ka ce hanya ta yanke. Mu uku muka cike ramin nan jiya da hannunmu, da ɓaraguzan bulo, har Mai Kitso ta fasa farce. Motar ruwa ma ta wuce ta kai ɗazu. Me na yi maka?"

Ya karanta a tsaye, ya karanta a zaune. Ya tada bas ya kashe. Ya zagaya gareji har mai gadi ya tambaye shi ko wani abu ya yar. Daga baya ya kama hanya a ƙafa.

Ya tarar da kujeru a jere har yanzu, babu wanda ya zauna a kai. Mai Kaji ce ta fara hango shi, ta ɗaure zani.

"Ga shi nan, injiniyan hanya! Zo ka nuna min inda ta yanke. Zo mana! Kai ko kunya ba ka ji? Da me zan je in kalli mai ƙyanƙyasa?"

"Anti, ki yi haƙuri..."

"Haƙuri yana ƙyanƙyashe ƙwai ne?"

Budurwar kuwa ba ta ɗago ba. Tana zaune tana warware wata tsohuwar igiya, idanunta sun yi ja. Sai da matan suka ja gefe ya tsuguna nesa kaɗan, ya gaya mata komai, har ledar mai ƙyalli.

Ta ajiye igiyar ta dube shi.

"Tafinta? Saboda Tafinta? Mutumin da ko lambarsa ban ajiye ba? Tun tuni na gaya wa Goggo ta daina wahalar da kanta. Da ka tambaye ni mana. Baki gare ni."

"Na ji nauyi ne."

"Nauyin tambaya ka ji, ba ka ji nauyin abincin gida uku ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Ka san me ya fi ƙona min rai? Kwana da kwanaki ina lallashin Baba a kanka. Yau ya sa rigarsa ta fita, ya fito ya zauna a can, ya ce bari ya ga aikin yaron nan da idonsa ko da dishi-dishi ne. Har rana ta take yana zaune. Tashi ka tafi, don Allah."

Washegari ya je ofis ya faɗa wa Anti Manaja da bakinsa. Ta cire tabarau ta ajiye, ta miƙo hannu. Ya sa mata makullin bas.

"Kuɗin ya riga ya fita, an ba masu sabulu," ta ce. "Ba zan ƙwace daga wasu in ba wasu ba. Baƙi kuma sun tafi. Ka ga abin da ka yi?"

Ya kai bakin ƙofa, ya tsaya, ya dawo.

"Anti, dole ne sai baƙo ya zo daga ƙetare?"

"Kamar yaya?"

"In mutumin gari ya biya, za a zaga da shi?"

Ta juya makullin a hannu.

"Ba mu taɓa yi ba. Amma ban ga inda aka hana ba. Wa zai biya?"

Wannan ita ce tambayar da ta hana shi sukuni sati guda. Ya fara da tasha. Mai faci ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya fashe da dariya.

"In biya kuɗi in je kallon talaka? Ga ni nan, kalle ni kyauta!"

"Har hoto za ka iya ɗauka," in ji mai shayi.

Bai iya tsara magana ba, don haka bai tsara ba. Ya gaya musu abin da ya aikata, tiryan-tiryan. Dariya ta tsaya. Babban makaniken gareji, wanda suke kira Oga, ya goge hannu da tsumma.

"Kai, Sannu-sannu? Kai da ko akuya kake ba haƙuri? Lallai yarinyar nan ta kama ka." Ya juya ga sauran. "To ku, kuɗin da kuke ƙonawa a kallon ƙwallo fa? Ku sa ni a ciki. Amma wallahi in aka yi auren nan ba a ba ni nama ba, sai na cire maka tayoyi."

Ya bi direbobi, ya bi masu wankin mota, ya bi mijin Yayarsa. Wasu suka ce sai wani jiƙon, wasu suka ba da rabi. Ya sayar da rediyonsa ya cike wa waɗanda suka gaza. Innarsa ce ta ƙarshe. Ta saurare shi tana tsintar shinkafa.

"Auta, ka yi abin kunya."

"Na sani, Inna."

"Ubanka bai taɓa tare wa wani abinci ba." Ta ture tiren gefe. "Nawa ne kuɗin kujerar motar? Kuma ka gaya wa Yayarka ta shirya, ba ni kaɗai zan je ba."

Ranar da aka sa, wani direban ne ya ja bas, shi yana tsugune a bakin ƙofa kamar kwandasta. Ba a ɗauki Tafinta ba, don babu abin da zai juya. Bas ta bi ta kan ramin nan ko girgiza ba ta yi ba, duk motar suka juyo suka kalle shi.

Irin wannan ayari lungun bai taɓa gani ba. Suka sauko da sallama, suna tambayar mutanen gida. Babu mai kyamara. Mai faci ya ɗaga kaza yana cewa ramammiya ce, Mai Kaji ta ce ai ta fi shi nama. Yaya ta zauna a gaban Mai Kitso ta ce a gwada mata a gani. Mai shayi ya hau kujera yana jijjigawa, wai yana gwada ƙarfinta.

Oga ya duƙa ya duba ƙafar wata kujera, ya shafa wurin haɗin.

"Wannan waldar na san hannun. Ina mai ita? Ba shi ya yi min ƙofar gareji ba tun ina yaron shago?"

Ƙofar ɗaki ta buɗe a hankali. Baba ya fito yana lalube da sanda.

"Wa ke maganar ƙofar gareji? Mai ƙarfe biyu a tsakiya?"

"Ita fa, Baba! Har yau ɓarawo bai iya da ita ba."

Aka ba shi kujera, hira ta ɓarke. Inna kuwa tana gefe kusa da budurwar, hannunta kawai take kallo. Can ta ce, "'Yata, koya min ɗaurin nan." Budurwar ta sunkuyar da kai ta matso da igiya.

Abin da aka tara bai kai na baƙin ƙetare ba. Anti Manaja ta raba musu shi uku. Mai Kaji ta samu 'yan tsakinta, ba duka ba. Mai Kitso ta sayi injin na hannu maimakon sabo. Ita kuma rabin aikin makarantar ta iya kaiwa, sauran aka ba wani. Wannan asarar ba ta dawo ba, kuma direba bai taɓa yin kamar ya manta ba.

Da jama'a suka fara komawa mota, Baba ya ce a kira masa yaron. Ya zo ya durƙusa.

"Na ce ba zan ba mai kawo 'yan kallo 'yata ba."

"Haka ne, Baba."

"Yau baƙi ka kawo min, masu sallama, masu tambayar lafiyata. Rabon da a yi hirar aiki da ni har na manta." Ya gyara riƙon sandarsa. "Amma ka yi ƙarya, ka sa mata uku kuka. Guda na yafe. Babu ta biyu."

"In sha Allahu babu, Baba."

"Sauran magana ba tawa ba ce. In ta yarda, ka turo manyanka."

Goggo ta leƙo daga zaure za ta yi magana, Baba ya ɗaga sanda, ta koma.

Kwana da kwanaki babu saƙo. Ya rame, ya riƙa duba waya ko ta lalace ne, har ya sa mai shayi ya kira shi don ya gwada. Ran da Anti Manaja ta mayar masa da makulli, tare da kashedi mai zafi, yana cikin wanke bas wayar ta motsa.

"Malam Sannu-sannu, ban huce duka ba. Amma Innarka ta shiga raina. Ka turo."

Ya jefar da bokiti, ya jiƙa takalminsa, bai ma sani ba.

Bayan an koma makaranta da 'yan watanni aka ɗaura aure. Oga ya samu namansa har da ƙari. Mai Kaji ta zo da kaji biyu gudummawa, ta ce ɗaya ta amarya ce, ɗaya kuma ta amarya ce, ango ya ci hanya. Tafinta ma ya zo ya yi musu fatan alheri, ya sha hannu da ango. Baba ya dafa kawunansu su biyu ya daɗe yana addu'a, har muryarsa ta dushe.

Da aka watse, suka samu kansu su kaɗai a tsakar gida, ga kwanuka ko'ina. Ta ɗago mayafi kaɗan.

"Nawa, alkawari ɗaya nake so. Duk ranar da wani abu ya tsaya maka a rai, ka zo ka tambaye ni."

"To in tambaya yanzu?"

"Tambayi."

"Kin huce?"

Ta kawar da kai tana murmushi.

"Saura kaɗan. Ka yi ta tambaya kullum, wata rana za ka dace."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya buɗa wa matan nan uku kasuwa, mu kuma ya haɗa kowa da rabonsa na alheri. Amin.